Ɗalibata Ce Ta Sa Na Rufe Akwatin Malam

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara. Mako uku ke nan abu ya tsaya mini a rai, ko maigidana ban iya faɗa wa duka ba.

Ni malamar Turanci ce, shekara ashirin da bakwai ina riƙe da alli. Wanda ya sa na so aikin nan wani malaminmu ne da muke kira Malam Gora, saboda doguwar gorar da yake nuna allo da ita, ko da yake bai taɓa dukan kowa ba. Yana da akwatin kwali cike da wasiƙun abokansa na ƙasashen waje. Rabin awan ƙarshe na darasin Alhamis sai ya rufe littafi, ya zaro wasiƙa ɗaya ya karanta mana. Ranar da muka gano cewa a Turanci da kalma ɗaya ake kiran baffa da kawu, ajin ya kaure. Wata ta ce, to in ka yi laifi ta yaya za ka san wanda za ka gudu wurinsa? Malam ya yi dariya har sai da ya cire tabarau, sannan ya sa muka rubuta wa mai wasiƙar, muka bayyana masa bambancin da Turancinmu na koyo. Har yau ina ganin ajin nan, da tagarsa wadda ba ta rufuwa, da bencin da muka sassaƙa sunayenmu a jiki. Da zai yi ritaya ni ya ba wa akwatin. Ya rasu shekara tara ke nan, Allah ya jiƙansa.

Tun daga nan yadda ya yi nake yi. A wannan zangon na karanta wa 'yan ajina wasiƙar da mai ita ke cewa a wurinsu in babba yana magana, ladabi shi ne ka dube shi cikin ido, sunkuyar da kai kuwa ɗauka ake kana ɓoye wani abu. Na sa suka gwada da junansu, ana ta dariya, sai ƙararrawa ta kaɗa ban kai ga sauran bayanin ba. Wata yarinya mai shiru-shiru ta je gida ta gwada a kan mahaifinta yana cikin yi mata faɗa. Washegari ya zo makaranta. Direba ne, mutum mai kamala, ko murya bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi ya kawo 'yarsa ta koyi harshe ne, ba a canza masa ita ba.

Abin da ya fi ci mini rai, shugabar sashenmu da ta kira ni ofis tsohuwar ɗalibata ce. A benci na biyu take zama, ita ce ma mai rige-rigen zaro wasiƙa. Ta miƙe ta ba ni kujera, ta kira ni Mama kamar kullum, sannan ta ce a dakatar da rabin awan. Wai jarrabawa saura wata huɗu, kuma wasiƙun sun tsufa, yaran yanzu suna ganin fiye da haka a waya. Na ce to. Tun ranar ba na shiga ɗakin malamai in tana ciki. Saura mini shekara uku in yi ritaya, amma na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata. In miƙa ne?

Taku, Mai Alli

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan malaminki. Takardar nan kuwa ki fitar da ita daga jaka yau, don fushi ne ya rubuta ta.

Mahaifin yarinyar yana da gaskiya. Kin nuna wa yara yadda wasu suke yi, ba ki samu kin faɗa musu a ina ake yi da kuma gaban wa ba. Yarinya ta ɗauki rabin darasi ta kai gida. Ki nemi mahaifinta da mahaifiyarta, ki ba su haƙuri ba tare da kame-kame ba. Ki kuma zauna da yarinyar, don na tabbata ita ta fi kowa jin kunya.

Ke ma kina da taki gaskiyar. Yaran nan za su zauna gaban masu ɗaukar aiki, za su yi hulɗa da mutanen da tarbiyyarsu daban. Wanda ya san nahawu bai san ɗabi'ar masu harshen ba, yakan yi laifi da jimlar da ba kuskure a cikinta. Wayar da ake magana kuma nunawa kawai take yi, ba ta bayani. Nan ne ake buƙatarki.

Shugabarki ba ta wulaƙanta ki ba. Iyaye da jarrabawa a wuyanta suke, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina zaton abin da ke miki zafi shi ne daga bakinta maganar ta fito. To ai ke kika rene ta har ta iya faɗa miki gaskiya cikin ladabi. Ki je ofishinta da tsari a rubuce: minti goma sha biyar, a haɗa shi da insha'in da za su yi a jarrabawa. Yara su kawo abin da suke gani a waya, a tattauna, su rubuta yadda ake yi a gidajensu, kowane darasi kuma a rufe shi da tambayar inda abin ya dace. Kada ki fara abin da ba ki da lokacin ƙarasawa. In ta ce a bari sai bayan jarrabawa, ki karɓa, wata huɗu kamar gobe ne.

Gobe da safe ki shiga ɗakin malamai, ki riga ta gaisuwa. Allah ya sa ki gama aikinki lafiya, da mutuncinki.