Ƙuraje a Saiwar Waken Surukina

Kawu mai shawara, ka taimake ni kafin in yi aika-aika.

Da farko dai bari in yaba wa mijin ƙanwata. Allah Ya ba mu suruki na nuna wa sa'a: malamin gona ne, ga babur, ga malafa, ga fara'a kamar gonar auduga. Tunda ya shigo danginmu ko allura bai taɓa ba ni ba, sai bana kwatsam ya kawo mini irin waken suya kyauta. Ni kuwa dillalin hatsi ne, a kasuwa na yi wayo, na san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gonar ta gado ce, tamu da ƙannena, matarsa ma tana da kaso, amma ni nake nomawa. Masara ta tsotse ta har ta fara ba mu kunya. Ya ce wannan sabon iri ne da masu bincike suka fitar, yana nuna da wuri, kuma kwansonsa ba ya fashewa ya zubar da ƙwaya. Na ce to.

Ranar shuka ya zo da wani baƙin gari a leda kamar dakakken gawayi, ya jiƙa irin da ruwan sukari, ya cakuɗa su a inuwa, wai kada rana ta taɓa shi. Kawu, wane abin kirki ne yake tsoron rana? Ya hana ni zuba takin yuriya. Sannan ya kafa allo a bakin gona da sunan ma'aikatarsu, ba na mahaifinmu ba. Yana kawo baƙi suna ɗaukar hoto, ni mai gona ina gefe kamar ɗan rakiya.

Waken ya yi kore shar, ban musa ba. Amma ai ni ma na san yadda ake ɗora mai kyau a saman buhu, don haka na duba ƙasa. Na tumɓuke guda, sai ga saiwa duk ƙuraje. Na fasa ɗaya da farce, ciki ja kamar jini! Na tumɓuke wani, haka. Da na nuna masa, mutumin nan murmushi ya yi har da hamdala, wai in girbi ya zo a yanka daga sama, a bar saiwar a ƙasa. Wato cutar ta samu wurin zama kenan.

Ga yadda na hango wasan: gona ta mutu, mu gaji, ya saye ta a wulaƙance, allonsa dama ya riga shi shiga. Na faɗa wa ƙanwata haka, ta daina ɗaukar wayata. Mahaifiyarmu ko kallona ba ta yi. Na riga na yi magana da mai tarakta ya zo ya kife waken. In kife ko in jira?

Mai Duba Ƙasan Buhu

*

Ɗana, ka dakatar da mai tarakta tukuna.

Baƙin garin nan wasu ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya gani, kuma rana kashe su take yi. Su ne suke gina ƙurajen da ka gani, a ciki suke zama suna jawo abincin shuka daga iska. Jan da ya razana ka shi ne alamar suna bakin aiki; da a ce fari fat ka gani, da sai mu damu. Yuriya in ta yi yawa sangarta su take yi su daina aiki. Saiwar kuma in ta ruɓe a ƙasa, masarar baɗi ce za ta ci gajiyarta. Kada ka tsaya a maganata, gani ya kori ji: nemi izinin maƙwabcin da surukinka bai taɓa taka gonarsa ba, ka tumɓuke gyaɗa ko wake guda, ka duba.

Amma batun allo kana da gaskiya. Ba a kafa suna a gonar gado ba tare da yardar magada ba, kuma wanda ya ga hankalinka ya tashi, bayani ya kamata ya yi maka, ba murmushi ba. Ku zauna gaban mahaifiyarku, ya faɗa da bakinsa yaushe allon zai tashi, amfanin na wa ne, kuma ko za ka iya ajiye iri don baɗi. In yana da wata manufa, a nan za ta fito, ba a saiwa ba.

Ƙanwarka kuwa, ka je da ƙafarka. Mijinta ka kira ɓarawo, waya ba ta gyara wannan.

Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya bar zumunci. Sai dai ga shi ka riga ka zazzage buhun surukinka ka tarar da taki. Naka buhun fa, yaushe za a duba ƙasansa?