Ba Tsayawa Kallo Japheth Ya Yi Ba

Muchia, Sabon Gari, Zariya

Zuwa ga Yayana Elias,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kai da Anti Diana da yara kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki. Mama tana nan Samaru, ƙafarta ta yi sauƙi, har ta je sujada ranar Lahadi. 'Yarmu Sharon ta shiga aji huɗu.

Yaya, na ga saƙonka, kuma ya ɓata mini rai ƙwarai. Ka turo hoton bidiyon gobarar layinmu, inda maigidana Japheth yake tsaye da mesar ruwa a hannu wuta tana cin shaguna, ka ce wannan wane irin abin kunya ne. Ba ka tambayi lafiyarsa ba. To, ɗinki takwas ne a kansa, kuma ga abin da mai ɗaukar hoton bai nuna maka ba.

Ranar Talata da misalin sha biyun rana wuta ta tashi a shagon masu katifa. Chuks mai kayan babur ya kira jami'an tsaro nan take, suka turo mutane don hana sata. Ba wanda ya sanar da 'yan kwana-kwana, kowa ya ɗauka wani ya kira. Sai bayan minti arba'in wata mata ta hau acaɓa ta je ofishinsu da kanta. Japheth, da yake shi ne direbansu, ya tuƙo motar kashe gobara ta hanyar da ta fi kusa, ashe tun safe masu kula da hanya sun rufe ta saboda tirela ta faɗi. Sun sani, sun ma ga hayaƙi, amma ba su da lambar kowa. Haka ya yi ta ja da baya da wannan ƙatuwar mota cikin cunkoson Keke Napep.

Da suka iso, wayoyin lantarki sun faɗo kan rufin kwano, da wuta a jikinsu. In ya sake ruwa, da shi da mutanen da ke riƙe da mesar duk sun mutu. Ya roƙi jami'an da ke wurin su kira masu lantarki su yanke, suka ce ba aikinsu ba ne. Wannan tsayuwar ka gani. Mutane kuwa suka fara jifa, dutse ya same shi a goshi. Da jini a fuska ya kashe wutar, bayan da aka yanke lantarkin. Shago goma sha ɗaya sun ƙone. Baba Abarshi mai gyaran keken ɗinki, wanda ka sani, ya koma ciki don ɗauko kekunan mutane, bai fito ba. Ranar Alhamis muka binne shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne taron da aka kira bayan haka. Kowane shugaba ya miƙe ya karanta abin da mutanensa suka yi da lokacin da suka yi shi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Na tashi na tambaye su, tun da kowa ya yi aikinsa, wa ya kashe Baba Abarshi? Na ce mu matan zumunta, in wata ta haihu, kafin awa ɗaya duk ikilisiya ta ji, amma hukumomi huɗu a gari ɗaya sun kasa gaya wa juna an rufe hanya. Aka ce in zauna, za a kafa kwamiti.

Japheth bai jira su ba. Da bandeji a kai ya bi ofis-ofis yana karɓar lambobin waya, ya rubuta a kwali ya manna a gaban motarsa, ya ba su tasa. Wani ma ya ƙi ba shi, wai sai ya kawo takarda daga sama. Yanzu rayukan Sabon Gari a kan kwali suke.

Ba ya cin abinci sosai, kuma ya ga saƙonka, don a hannunsa wayar take lokacin da ya shigo. Ya ajiye ta ya fita waje. Ba na neman kuɗin magani. Ka kira shi, Yaya, kai da bakinka, kafin Lahadi.

Ka gaida Anti Diana, da Felix, da auta. Mama tana gaishe ku, ita ma tana jira ta ji ka kira.

Ƙanwarka,
Ƙauna