Matan Gidanmu da Lissafi

Barking, London

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya yara, ya ƙafar taki?

Nimatu ce ta hana ni sakat. Shekararta tara, amma duk ranar da za a yi musu test na lissafi sai ta tashi da amai. Malamarsu ta ce za ta mayar da ita teburin 'yan baya. Na rarrashe ta, na ce kar ta damu, mu matan gidanmu dama ba mu da kan lissafi, wanta Mahamudu ne ya gado na babansu. Sai ta daina ma buɗe littafin. A taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Zubaida

Fagge, Kano

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, wasiƙarki ce ta tayar min da hankali.

Kai, Zubaida! Waɗanne matan gidan? Inna da ke ɗinkin hula tana ƙirga zare da ka, ba ta taɓa ɓata zane ba? Ke kanki har aji uku ke ce ta ɗaya. Ranar da kika faɗi jarabawa sau ɗaya tak, kika dawo kina kuka, ni ce na faɗa miki maganar nan don ki yi shiru ki ci tuwo. Shekarata goma sha uku, ƙirƙirarta na yi. Ban san kin ɗauke ta har London kin ba 'yarki ba. Wallahi na ji kunya. Addu'a muna yi, amma ki je ki janye maganar.

Yayarki,
Hansai

Barking

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Sau uku na karanta, haushi ya kama ni, daga baya na yi kuka. Shekara talatin ina kauce wa lamba saboda tuwo!

Na zaunar da Nimatu na ce mata ƙarya na faɗa. Ta ce, "Prove it, Mama." To, don in nuna mata a aikace, na yi register a ajin lissafi na manya na council, wato ƙaramar hukumarmu. Wata maƙwabciyata Bafalasɗiniya ta ce ita ma haka aka faɗa mata a garinsu, kuma 'yarta ta fara irin wannan aman. Yanzu mu huɗu, mu da 'ya'yan, muke zama a kicin bayan la'asar muna lissafi. Na je makarantar na roƙi malamar ta bar Nimatu a teburinta zuwa test na gaba. Ta ce idan ta ci fiye da rabin maki, za ta zauna.

Taki,
Zubaida

Barking

Anti Hansai,

Ina wuni. Mama ta taimaka min da spelling. Na ci sha tara cikin ashirin da biyar, ban yi amai ba, ina teburina. Na yi wa Mama test ɗin a gida, ta ci sha bakwai. Na ce kar ta damu, za ta iya.

Nimatu