Ɗigon Da Ya Ƙi Hawa Layi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da ɗalibanki. Yaya, ranar Talatar nan ce ta birkita min rayuwa. Na shiga ɗakin gwaje-gwaje da farar rigata ina jin kaina kamar tauraruwar littafi, na fito da ciwon kai.

Aikin shi ne a haɗa ruwan sinadari biyu a kwalba, a ɗora kan takarda mai alamar tawada, a danna agogo har ruwan ya gurɓace alamar ta ɓace. Sau biyar, daga zafin digiri ashirin zuwa sittin. Sai a zuba sakamakon a lissafin Arrhenius a zana layi. Ɗigo huɗu sun hau layin salin-alin, na digiri ashirin ya tsaya can gefe kamar mai fushi da dangi. Litinin za a miƙa rahoton, in na faɗi kuma sai maimaita shekara. Ga alƙalumana nan, ki duba min don Allah, tunda fanninki ne.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Na ɗauka kin manta ƙara 273 a kan digirin ne kamar ɗalibaina, sai na ga kin ƙara. Lissafinki ba shi da laifi. Amma kin rubuta daƙiƙa casa'in a digiri talatin, arba'in a digiri ashirin. Tun yaushe sanyi ya fi zafi sauri? Me ya sa kike saka madara a firij?

Tambaya ɗaya gare ni: ina idonki yake lokacin da alamar ta ɓace?

Yayarki

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa. Haba Yaya, sai ka ce 'yar sanda! To, na ji. Na digiri ashirin ɗin ne ya cika nawa, ruwa ya tsaya yana kallona ina kallonsa. Na ce bari in leƙa shafi ɗaya na littafin soyayyar da nake karantawa a ƙarƙashin tebur, daidai inda matuƙin jirgin zai gane wadda ta yi jinyarsa. Da na ɗago, alama ta ɓace, agogo yana minti bakwai. A raina kuwa wallahi bai fi daƙiƙa arba'in ba, shi na rubuta.

Wata 'yar ajinmu ta ce in goge, in ɗauki adadin da ya dace da layin, kowa haka yake yi. Malamin ɗakin gwaji kuma yana barin a sake aiki ranar Asabar kawai, da ragin maki. Asabar ɗin ce mijina Injiniya zai dawo bayan wata uku a wurin aiki. Na ɗinka riga, har abin da zan ce masa a filin jirgi na haddace. Ki faɗa min adadin kawai, Yaya.

Taki,
Auta

Auta,

Na san adadin, a kai ma na lissafa shi. Ba zan ba ki ba. Na farko kin ƙirƙire shi da zuciya, na biyu kina so ki ƙirƙire shi da rula. Gobe in aka ɗauke ki aiki inda ake gwada tsawon ran magani, haka za ki yi? Mijin naki da ya kai ki makarantar nan da hannunsa ya san hanyar gida. Rigar kuma ba za ta ruɓe ba, ko a digiri sittin.

Ki gaishe shi in ya iso.

Yayarki

Yaya,

Barka da yau. Kin ba ni haushi ƙwarai, kuma har yanzu ban huce ba. Na je na faɗa wa malamin gaskiya. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya rage maki biyar, ya tambaye ni ko matuƙin ya gane ta. Ban ma sani ba, ban ƙarasa ba.

Na aika wa Injiniya ya hau tasi, makulli yana wajen maƙwabciya. Asabar ƙarfe takwas ina ɗakin gwaji. Littafin na bar shi a gida.

Ƙanwarki,
Auta