Gorar da ke Bayan Gida Mai Lamba Tara

Leeuwarden, Litinin

Maƙwabciya Sietske,

Gaisuwa da fatan kin saba da sabon gida. Ni ne Douwe Hoekstra, tsohon da ke saman bene a gefenki na hagu.

Ba ni da kwana-kwana. Gorar nan da kika jera a manyan tukwane jikin shingenki na baya ta yi tsawo. Lambun da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, me zai yi da daji? Ki janye ta kafin Asabar.

Na gode,
D. Hoekstra

*

Talata

Maƙwabci Hoekstra,

Na ga takardarka a ƙarƙashin ƙofa, ina amsa gaisuwa.

Gorar tana cikin filina, a tukwane take, saiwarta ba za ta shiga gidan kowa ba. Tunda ka ce ba ka da kwana-kwana, ni ma ba ni da shi. Tun da na tare, kullum da safe kana tsaye a tagarka da kofin kofi, idonka a bayan gidana. Gefenka ma na yi odar wata gorar, tana hanya.

Na baro mijin da ke bin sawuna har kanti. Na zo nan ne don in zauna a rana ba tare da ido a kaina ba. In ka ga dama ka kai ni ƙara hukumar gari.

Ka huta lafiya,
Sietske Postma

*

Laraba

Maƙwabciya,

Barka da yau. Takardarki ta ba ni kunya, ta kuma ba ni haushi.

Ba ke nake kallo ba, yarinya. Bayan shingenki akwai tagar kicin ɗin Aaltje, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a layin baya. Ta girme ni, kunnenta ya mutu, waya ba ta da amfani a wurinta. Ni kuma gwiwa ta hana ni sauka sai an riƙe ni. Tun da ta faɗi bara, ɗanta Jelle yake son kai ta gidan kula da tsofaffi. Da kyar ya yarda ya bar ta a ɗakinta, bisa sharaɗi guda: kullum da safe ta buɗe labule ta ɗaga min hannu, ni kuma in aika masa saƙo cewa na gan ta.

Tun da gorarki ta hau, ganye kawai nake gani. Amma ban fasa aika wa Jelle "na gan ta" ba, don na san ranar da na faɗi gaskiya, ranar zai fara haɗa mata kaya. Asabar zai zo, kuma yakan hawo wurina shan kofi. Zai tsaya a tagar nan ya gani da idonsa.

Maganar gaskiya, ban san ko tana tsaye ko tana kwance a ƙasa ba yanzu haka. Tsoro nake ji.

Douwe

*

Alhamis

Maƙwabci,

Da ka faɗi haka tun farko, maimakon ka ba ni umarni kamar ɗan sanda.

Ina gama karantawa na taka kujera na leƙa ta saman gorar. Labulen a rufe yake, da rana tsaka. Na zagaya da gudu, na yi ta buga ƙofa har hannuna ya yi zafi, sannan na haura ta baya.

Lafiyarta lau. Na same ta zaune da rigar fita, jaka a gefenta. Ta ce, "Ke ce mai dajin? Na yi ta ɗaga wa ganye hannu kamar mahaukaciya. Da na gaji na ce, to, Douwe bai gan ni ba, Jelle na nan tafe. Gara ya same ni a shirye da ya ja ni da rigar barci."

Na janye tukwane biyu na tsakiya. Duk wanda ke saman bene a layin baya zai iya ganin kujerata yanzu. Ban yi alkawarin zan iya jurewa ba. Ka duba gobe.

Sietske

*

Juma'a

Sietske,

Ta buɗe. Ta ɗaga hannu, sannan ta nuna min jakar, ta juye ta a kan tebur.

Na aika wa Jelle saƙo, yau ba ƙarya.

Naki,
Douwe