Likitan da Yake Tsoron Jini

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar? Ya kunnen? Ya Yaya da matarsa da yara? Mu nan da sauƙi. Malamar da muke haya gida ɗaya ce take rubuta min, ina faɗa tana sawa, na roƙe ta kar ta gyara komai. Yaya, in za ka karanta mata ka matsa ta kunnen dama, kuma kar ka tsallake komai, na san halinka.

Inna, Baba Likita ya rasu. Na san kun ji a rediyo. Shekaranjiya da hantsi ne, yana zaune a kujerarsa yana jiran shayi. Matarsa ta ce ko tari bai yi ba. Allah ya jiƙansa.

Kin tuna muna zuwa gidan mai shago kallon wasansa duk Lahadi, kina riƙe da tabarmarki? Kin tuna tun kafin ya fara fitowa a likita, da ya fito a mugun mai gidan haya, marigayi Babanmu ya jefi talabijin da takalmi, mai shago ya kore mu sati biyu? To akwai abin da ban taɓa gaya miki ba saboda kunya. Ni na san shi ido da ido.

Da muka tare a layin nan aka nuna min wani gida mai koriyar ƙofa aka ce nasa ne. Lokacin farin nan na idon jikarki Kurciya ya fara yawa, tana karo da ƙafar gado, tana laluben kofi yana gabanta. Babanta yana kan hanya da babbar mota, sai ya yi wata biyu ban gan shi ba. Asibiti kuwa kin san ni, ƙofarsa ma tsoro take ba ni, ga takardu, ga lambobi, kowa sauri yake. Sai na ce a raina, ga likita a layinmu, wanda na ga ya warkar da mutum ya fi ɗari, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Wallahi Inna ni na ɗauka likitan gaske ne, yana aikinsa ana ɗaukarsa a hoto. Malama dariya take. Ke dai rubuta, Malama.

Na goya ta na je na buga ƙofa. Na same shi da singileti, ya baje fanka a ƙasa yana gyara. Na durƙusa na ce Likita a duba min idon yarinya. Matarsa ta fashe da dariya daga kicin, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya wanke hannu, ya ɗora Kurciya a cinya, ta laluba fuskarsa ta damƙe hancinsa, ya bar ta. Sannan ya ce min shekara ashirin da biyu yana sa farar riga, amma ko maganin ciwon kai sai ya tambayi matarsa guda nawa ake sha. Abin da yake ratayawa a wuya ma wai na wasa ne, ba ya jin komai a ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce kar in ji kunya, yabon da na kawo masa ya fi duk kofunan kyautar da ke kan kabad ɗinsa, amma yarinya likita take bukata, in tashi mu tafi.

Motarsa sai an tura. Ni da matarsa muka tura ta har bakin titi, yana leƙowa ta taga yana cewa mu ƙara himma, jama'a na kallo.

A asibiti aka yo masa ca, ma'aikatan jinya suna ta Likita, Likita, suna so su shigar da mu gaba. Ya ƙi, ya ce na kan bencin ma 'ya'yansu suka kawo. Awa uku muka zauna yana ba yara labari. Da aka zo ɗibar jinin Kurciya, ita ko uffan ba ta ce ba. Shi kuwa yana ganin jini ya hau sirinji sai ya sulale ƙasa. Da katinmu aka yi masa fifita. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne kar a gaya wa 'yan jarida.

Likitan ido ya ce yanar ido ce, ana cire ta, amma in aka daɗe idon zai manta gani ko da an cire. An sa mana ranar aiki, Alhamis ta sama, saura kwana tara. Baba Likita ya ce shi zai kai mu, shi zai zauna da ni har a fito da ita. Yanzu babu shi. Inna, tsoro nake ji.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da iyalinsa. Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Direba ya kawo min saƙonki, na gode da zanen.

Na ji abin da kika ce, wai in ɗauko yarinya in dawo gida, kar in bari a sa mata wuƙa a ido, da ɗan ganin da take yi gara a bar ta haka. Ban ji haushi ba, Inna, don ni ma haka zuciyata take gaya min. Har na ɗaure jaka. Babanta ya bugo ya ce an tsare motarsu da kaya, ba zai iso ba, duk abin da na yanke ya yarda. Malama kuma ranar aikin tana tsaron jarrabawa. Ni kaɗai ce ke nan, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba.

Jiya na je yi wa matarsa sallama. Gidan cike, manyan 'yan wasan da muke gani a talabijin ga su zaune a ƙasa suna kuka kamar yara. Wani ya ce shi ya koya masa tsayuwa gaban kyamara. Wata ta ce ranar da ta manta maganarta sau goma sha ɗaya, mai ba da umarni ya fara zagi, sai Baba Likita ya shiga manta tasa da gangan har zagin ya koma kansa. Na rakuɓe a bakin ƙofa. Sai matarsa ta kama hannuna ta nuna min tsakiyar falo. Zanen allina yana nan, Inna. Ta hana a goge wurin.

Bari in gaya miki zancen allin. Tun da aka sa rana ya lura in likita yana magana ni sai dai in ce to, to, kaina a ƙasa, mu fito ban riƙe komai ba. Ya ce shi magani bai sani ba, amma akwai abu ɗaya da ya iya, kuma zai koya min. Duk yamma in na gama wanki sai in je. Ya zana gicciye da alli a ƙasa ya ce nan ne wurina, haka ake yi musu a wurin ɗaukar fim, in ka taka alamarka ba ka motsawa sai ka gama maganarka. Ya sa tsohuwar farar rigarsa, matarsa ta zama mai jinya da farantin shayi a hannu.

Amma ba likitan nan mai murmushi na talabijin yake yi min ba. Mugu yake yi. Ya duba agogo, ya katse ni, ya juya baya yana rubutu, ya ce na gaba ya shigo. Ranar farko kuka na yi. Ya cire rigar ya zauna kusa da ni a ƙasa, ya ce shekara arba'in da wani abu yana wasa, har yau in aka ce a fara gwiwarsa rawa take. Wai sirrin shi ne ki danna babban yatsan ƙafa a ƙasa, ki fitar da kalmar farko kawai, sauran za su biyo ta da kansu.

Magana uku ya ba ni. Sunan yarinya da shekarunta. Sai, ban gane ba, a sake faɗa min. Ta ukun ita ya fi matsa min a kai. Kin tuna allurar da aka yi wa Kurciya tana shekara biyu, ta kumbura, numfashi ya so ɗaukewa? Na ba shi labarin, ya sa na nemo tsohuwar takardar ya karanta, ya ce sunan maganin fenisilin. Ya sa na yi ta maimaitawa muna tafi ni da Kurciya har ya zauna min. Ya ce wannan ko ba a tambaye ni ba in faɗa, ko an juya min baya in faɗa, ko an ce ai an sani in sake faɗa.

Da zan fito matarsa ta ce kwana biyu kafin ya rasu ya sa an canja wa motar batir, wai ranar Alhamis ba ya so uwar mara lafiya ta yi turi. Ita ba ta fita yanzu, amma ta gutsuro allin ta ɗaure min a bakin gyale.

A talabijin tun safe ake lissafa kyaututtukansa. Ba wanda ya faɗi zancen batir.

Jakar tana nan a ɗaure, Inna. Jibi ko tasha ko asibiti, wallahi har yanzu ban sani ba. Kar ki yi fushi da ni duk wanda na zaɓa.

Ki gaida Yaya, ki ce na ji wai ya yi dariyar turin mota, Allah ya kai shi ranar tasa.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya gida? Malama ta zo duba mu da takarda da biro, a bakin gadon asibiti nake faɗa mata wannan. Yaya, nan ka ɗaga murya sosai.

Asibiti na zo, Inna. Ki yafe min. Na fito da jaka na tsaya a bakin titi, motar tasha ta zo ta tsaya, yaron mota yana kira. Sai Kurciya ta ja zanena ta ce yau ne za mu faɗi fenisilin? Na bar motar ta wuce.

An kwantar da ita, an sa mata wata 'yar riga mai igiya a baya. Na dangwala yatsa a takarda. Likitan da ya saba ganinmu yana ciki, wanda ya fito wani ne, mai sa barci, saurayi, ga mutane jere suna jiransa. Fayil ɗin hannunsa sabo ne fil, ba namu mai lanƙwasasshen baki ba, wai tsohon yana wani sashe. Ya tambayi ko ta ci abinci na ce a'a. Ya tambayi ko tana tari na ce a'a. Sai aka kira shi daga ciki, ya rufe fayil ya juya, mai jinya ta fara tura gadon.

Inna, bakina ya bushe ƙamas. Ba wurin zana alli, sai na ga inda layin tayil biyu suka haɗu, na taka nan. Na danna babban yatsa har takalmin ya lanƙwashe. Na ce, Likita. Bai juyo ba. Yadda Baba Likita yake min sak, har bayan wuyan. Da na ga haka sai tsoron ya ragu, don wannan wurin na san shi, na yi shi ya fi sau ashirin. Na ɗaga murya har na kan benci suka waigo, na faɗi sunanta da shekarunta, na ce fenisilin yana kumbura ta, yana toshe mata numfashi.

Ya tsaya. Ya dawo ya buɗe fayil ya duba gaba da baya, babu shi a ciki. Ya yi min tambayoyi da sauri, na ce ban gane ba, a sake faɗa min. Ya sake, a hankali. Ya rubuta da jan biro, aka ɗaura mata jan abu a hannu, ya sa aka canja wani magani a kan farantin magunguna. Ya ce Maman yarinya, kin kyauta, wa ya koya miki? Na ce wani likita ne a layinmu.

An yi aikin idon dama, na hagu sai bayan wata biyu, kuma za ta sa tabarau mai kauri. Jiya da safe aka cire bandejin. Ta daɗe tana ƙifta ido. Ta kalli hannunta, ta kalli gyalena ta ce ashe da furanni a jiki.

A ɗakin da muke akwai talabijin a bango, duk satin nan tsofaffin wasanninsa ake maimaitawa. Da rana aka sa wani, yana cikin farar riga yana lallashin wani tsoho ya sha magani. Kurciya tana jin muryar ta miƙe zaune ta ce Baba ne. Ta ce in ɗaga ta. Na ɗaga ta har gaban gilashin, mai jinya tana cewa kar ta matsa da yawa. Ta rufe idon hagu da hannu, ta zuba masa na dama. Ba ta taɓa ganin fuskarsa sosai ba, Inna, da hannu ta san ta. Ta kai yatsa ta taɓa hancinsa a gilashin ta ce, Mama, shi ne, ga hancin.

Sai ta tambaye ni ko ya san ta warke. Na ce in an sallame mu za mu je mu gaya wa matarsa. Ta ce a'a, shi za ta gaya wa. Ta juya ta faɗa masa da ƙarfi. Shi kuma a lokacin ya juyo yana murmushin nan nasa, yana gyara abin wuyansa da ba ya jin komai.

In kin yi sallah ki sa shi a addu'a, Inna, kusa da sunan Baba, ko da Baba ya taɓa jifansa da takalmi. Allin yana nan a gyalena, saura ido ɗaya.

Kurciya tana gaishe ki, ta ce ki shirya, tana zuwa ta ga fuskarki.

Taki har kullum,
Auta