Na Goge Kwamfutarka, Sanusi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'yar'uwa ga ƙanenta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a inda kake. Inna tana nan Gwandu, ƙafar ce dai. Ni kuma kullum ina kan hanyar Kalgo, ajin da muka buɗe tare bai rufe ba.

Ina da labari, kuma ba mai daɗi ba ne.

Ka tuna ranar da ka kawo sabar, babbar kwamfutar nan, a bayan mashin, ka naɗe ta da zanen Inna? Ka ce a cikinta za ka gina wa kowane ɗalibi tasa kwamfutar, wadda ba a taɓa ta da hannu amma tana aiki kamar ta gaske. Na yi dariya. Ka ce, "Adda, ke ce mai digiri, mi ya yi wuya a nan?"

Kai ka koya mini rabon wurin ajiya. Faifan kowane yaro yana faɗaɗa ne gwargwadon abin da ya zuba. Naka kuwa ka yanke shi babba tun farko, domin a nan kake gwaje-gwajenka. Faifai biyu sabar take ɗauka, ba gurbin na uku, kuma ka sa na biyun yana kwafe duk abin da ke na farko. Da na ce ɓarna ce, ka ce, "Aikin ɗiyan mutane ne. Abin da ke wuri guda, ki ɗauka ya riga ya ɓata."

Ranar da zazzaɓin ya kayar da kai, ba ka kashe kwamfutarka ba. Dakatar da ita ka yi, kamar wanda zai sha ruwa ya dawo.

Tun daga rasuwarka, idan yara suka tashi nakan buɗe ta. Darasin da kake rubutawa yana nan, ka tsaya a tsakiyar jimla. Agogon gefe yakan nuna ranar da ka bar ta, na ɗan ƙiftawar ido, kafin ya farga ya yi tsalle zuwa yau. Don wannan ƙiftawar nake buɗewa, Sanusi. Ban taɓa gaya wa Inna ba.

Makon jiya wurin ajiya ya cika. Ana tsakiyar darasi kwamfutocin yara suka tsaya cak, duka. Rukayya, 'yar Dangoma da ka ce za ta fi mu duka, ta ɗaga hannu ta ce tata ta suma. Ga kuma sababbin ɗalibai daga Wurogauri, iyayensu sun kawo su bayan girbi, suna zaune a benci suna kallon allon da ba komai.

Na share duk abin da zai sharu. Bai isa ba. Na kwashe takardunka a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, amma ba takardun nake so ba. Wani abokinka a Birnin Kebbi ya ce ko na kai kwamfutarka wata na'ura, tashi za ta yi sabuwa, ba daga inda ka tsaya ba. Ya ce in ba haka ba, in raba faifan biyu, in daina kwafin, sai wuri ya ninku.

Na kusa yi. Wallahi na kusa. Na zauna da hannuna a kan sabar, ina shirin jefa aikin yara duka cikin haɗari don in riƙe rabin jimlarka. Sai na ji irin tsakin da za ka yi.

Yau bayan la'asar na buɗe kwamfutarka, na ga agogon ya yi tsallensa, na kashe ta. Sabar ta tambaye ni ko na tabbata ina so in goge. Ban tabbata ba. Na danna.

Ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba. Kwamfutocin yara suka farfaɗo, aji ya kaure da sowa. Na yanka wurinka na raba wa 'yan Wurogauri, na nuna musu yadda ake haɗa faifai da kwamfuta kamar yadda ka nuna mini, har da murmushi. Ban ji sanyin da ake cewa ana ji ba idan an yi daidai. Rasuwarka ce kawai ta dawo sabuwa, kuma wannan karon da yatsana.

Komai na ajin nan ka yi masa kwafi, ƙanena. Kai kaɗai ka bar mu da guda.

Ya Allah, Ka gafarta wa Sanusi, Ka yalwata masa kabarinsa fiye da duk wurin da ya taɓa ba wani. Ka sa kowane harafi da yaran nan za su ajiye a wurinsa ya zama haske gare shi. Ni kuma Ka ba ni abin da zan riƙa yi idan yara sun tashi.

Addarka,
wadda har yanzu ba ta san ƙarshen jimlar ba.